Pac-Man: Dabara Ta Fi Ƙarfi

A ƙarshen shekarun 1970, gidajen wasan na'ura na ƙasar Japan cike suke da harbe-harbe, tun ba Space Invaders na 1978 ba. Cikin wanga hali ne Toru Iwatani, ma'aikacin kamfanin Namco, ya ƙudura ƙera wasan da mata ma za su so. A watan Mayu na 1980 anka fara gwada shi a birnin Tokyo da sunan Puck Man. Da ya isa Amurka a shekarar, kamfanin Midway ya sayar da shi da sunan Pac-Man.

Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa. Mai wasa yana tuƙa wani ƙwallo ruwan ɗorawa mai baki cikin lunguna masu ruɗarwa, yana cinye ɗigo 240, fatalwa huɗu suna biye da shi. Akwai kuma manyan ɗigo 4 a kusurwoyi. In ya haɗiye ɗaya, fatalwar su koma shuɗɗa na ɗan lokaci, mai gudu ya zama mai kora.

Hikimar tana ga fatalwar nan, domin kowace da halinta. Ja tana bin sawu kai tsaye. Mai ruwan hoda tana neman tare gaba. Shuɗiya tana lura da inda ja take kafin ta zaɓi hanya. Mai ruwan goro kuwa, in ta matso kusa sai ta janye. Wanda ya dogara ga saurin hannu kaɗai zai faɗa tarko; wanda ya natsu ya karanci abokan gabansa shi ke daɗewa, har gwanaye sunka kai mataki na 256, inda wani kuskuren lissafi ke ɓata rabin allon.

Gaskiya ne don cin kuɗi anka ƙera na'urar, kuma ta ci na yara masu yawa. Amma ta tabbatar da cewa wasa yana iya mamaye duniya ba tare da bindiga ba, har gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya karɓe shi a 2012.

Yau da wasannin kisa sunka cika wayoyin yara, ya kamata iyaye da masu ƙira su tuna da wanga misali. Hana yaro wasa ba ya yiwuwa, amma ana iya zaɓa masa wanda ke koya masa lura da haƙuri.