Wai Kushe Hoton Shugaba Zagin Shugaba Ne?

 Ina so in kawo muku wata magana da ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, don in ban faɗe ta ba wallahi ba zan samu sukuni ba.

Ranar Talata da hantsi ina zaune a shagon goron babana nan Sabo, Ibadan, sai ga wasu mutum biyu da jaka cike da hotuna a cikin gilashi, ɗaya na shugaban ƙasa, ɗaya na gwamna. Suka ce wai daga wani ofishi aka turo su, kuma wai ya kamata kowane shago ya rataya. Ba su nuna takarda ba, mu ma ba mu tambaya ba. Baba ya zaro kuɗin da zai yi mana cefanen kwana biyu ya miƙa, ko ragi bai nema ba. Jama'a, wannan fa mutum ne da zai yi awa guda a kan huhun goro ɗaya, ya kwance ganye, ya tona har ƙasa, ya ware marsa ya ware minu, ya fasa ɗaya ya duba ko sankara ta shiga, sannan a fara maganar farashi. Amma hoto ko juya shi bai yi ba.

Da suka tafi na ɗauko na duba da kyau. An ja fuskar shugaban ta faɗaɗa kamar an zauna a kanta, saboda hoton da suka samo bai yi daidai da girman takardar ba sai suka miƙe shi da ƙarfi. An goge fatar da kwamfuta ta yi sumul kamar roba, babu tamoji ko ɗaya a fuskar dattijon da ya haura shekara 70. An haska shi har ya fi ainihin launinsa fari. An yanko shi daga wani wuri an manna a gaban tuta, kana ganin farin layi ya zagaye kunnuwansa da hularsa. Idan ka matso kusa, idanun sun farfashe sun zama ƙananan murabba'ai, alamar ɗan ƙaramin hoto ne aka ciro daga intanet aka hura shi. Sai na ce wa Baba, wannan hoton bai yi ba. Iyakar abin da na ce ke nan.

Kafin sallar isha'i magana ta kai majalisa. Wani dattijo abokin Baba ya ce yaran yanzu ba su da tarbiyya, shugaba uban ƙasa ne, ba a kushe shi. Wani ya ce ai dama an san ni ɗan adawa ne. Na ukun shi ne wanda maganarsa ta fi ƙona mini rai, don ya ja ni gefe ya ce, "Kai yaro, mu baƙi ne a garin nan, ka rufa mana asiri."

To bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma in fara da cewa ni ban zagi kowa ba. Hoto aikin hannu ne kamar ɗinki. Idan tela ya ɗinka wa sarki riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ka ce rigar ba ta yi ba, sarki ka zaga ko tela? Wanda ya ci mutuncin shugaban ai shi ne wanda ya faɗaɗa masa fuska ya sayar mana. Kuma maganar ko ya halatta a rataya hoton mai rai a ɗaki ko bai halatta ba, wannan fagen malamai ne, ban isa in sa baki ba. Ni dai abin da na sani, an riga an rataya, a banki, a asibiti, a ofishin 'yan sanda, a shagon canji. Tunda dole sai mun kalla, ai muna da ikon mu ce ya yi kyau ko bai yi ba.

Kuma akwai yadda ake ganewa, ba son rai ba ne kawai. Na ɗan zauna da wani Bayerabe mai hoto a Mokola lokacin da nake sakandare, ina riƙe masa fitila a wuraren biki, shi ya buɗe mini ido. Abu na farko haske. Idan aka harba fitilar kyamara kai tsaye a fuska, goshi da hanci su yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, fuskar ta baje ta zama faifai. Idan hasken ya zo daga gefe, kaɗan daga sama, sai ƙashin fuska ya fito, ka ga mutum ne mai jiki. Na biyu ido: dole ya fito tar, da ɗan ɗigon haske a cikinsa, in ba haka ba sai ka ga kamar hoton mamaci. Mai tabarau kuwa sai an karkatar da fitila, don kada gilashin ya dawo da haske ya rufe idon gaba ɗaya.

Amma babbar jarrabawa a ƙasarmu ita ce baƙar fata a cikin farar babbar riga. Nan ake gane gwani. Kyamara ba ta da wayo, tana auna hasken da ya fi yawa ne. Idan ta bi farar riga, fuska ta yi duhu ka rasa hanci ka rasa baki. Idan ta bi fuska, rigar ta ƙone ta zama farin fili, duk aikin aska takwas da wani bawan Allah ya yi watanni yana yi da allura ya ɓace. Gwani shi ne wanda zai ba ka fuskar da launinta na gaskiya, kuma ka iya ƙirga zaren aikin wuya. Wannan matsala ma tsohuwa ce, don shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin wankin hoto ne da hoton wata Baturiya, shi ya sa baƙin mutum yake shan wahala a hoton kala na da. Rago kuwa ba ya wahalar da kansa da duk wannan, sai ya ɗauka yadda ya samu, ya je kwamfuta ya yi wa shugaba bilicin.

Ku tuna irin hotunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da suka cika shagunanmu daga 2007 zuwa rasuwarsa a 2010. Mutum ne siriri, mai sanyin fuska, kuma kowa ya san yana fama da jiki. Amma kwafin da masu talla suka riƙa yawo da shi a titi sai ka ga an cika masa kumatu an goge shi fes, har ka rasa wannan natsuwar da aka san shi da ita. Suna ganin gata suka yi masa. Ni a wurina sun cire mutumin sun bar riga da hula. Goodluck Jonathan kuma matsalarsa malafa ce: baƙar malafa mai baki tana jefa inuwa daidai kan ido, ga kuma kaya masu duhu. Ƙwararriya irin TY Bello, wadda a lokacin ita ce mai ɗaukar hotonsa a fadar gwamnati, ta san yadda za ta shigar da haske ƙarƙashin malafar. Amma kafin hoton ya bi hannu goma ya iso bangon shago a Sabo, ya zama malafa da haƙora. Haka marigayi Buhari, yana da Bayo Omoboriowo a fada daga 2015, yaro mai ido, amma me ya iso gare mu? Kwafin kwafin kwafi, wanda in ya sha rana wata shida jan launin ya gudu, shugaba ya koma shuɗi-shuɗi kamar an tsoma shi a baba.

Wanda yake ganin ƙarya nake, ya sa hannu a aljihu. Ciro naira 20 ka dubi Murtala, wanda aka sa a takardar kuɗi tun 1977, shekara guda bayan an kashe shi. Ciro naira 200 ka dubi Sardauna da rawaninsa, ko naira 100 ka dubi Awolowo da hularsa da tabaransa mai da'ira. Waɗannan zane ne na layi-layi da aka yi daga hotuna, amma dubi yadda aka bar wa kowa fuskarsa, da inuwarta da nauyinta. Takardar ta sha hannun mai nama da mai manja da kwandastan mota, ta yi laushi kamar tsumma, amma daga nesa ka san wane ne. A 2022 da aka sauya wa 200 da 500 da 1000 launi, mutane sun yi ta surutu wai kamar an rina su ne kawai, har a nan majalisar tamu, kuma ban ji wanda ya ce an zagi Sardauna ko Azikiwe ba. To me ya sa ranar nan kushe launi bai zama rashin tarbiyya ba, sai yau?

A shagon wani tsohon mai canji nan layinmu akwai hoton Tafawa Ɓalewa baƙi da fari, ya ce tun zamanin mahaifinsa yake. Gilashin ya tsage a kusurwa, takardar ta yi ja. Amma in ka tsaya gabansa sai ka ji kamar zai yi magana. Ba wai don mutanen da sun fi na yanzu kyau ba ne. A lokacin fim yana da tsada, mai hoto ba shi da damar ɗaukar ɗari ya zaɓi ɗaya, dole ya zauna ya gyara fitila, ya jira mutum ya saki jiki. Kuma ba a rasa gwanaye a ƙasar nan ba: J.D. Ojeikere a nan Ibadan ya fara aiki a ma'aikatar yaɗa labarai a shekarun 1950, Peter Obe ya yi suna a jaridar Daily Times, Solomon Alonge ya shafe shekaru yana ɗaukar hoton fadar Oba na Benin. Ƙasar da ta haifi waɗannan ita ce yau take rataya shugabanta da farin layi a kunne.

Wasu ƙasashen sun ɗauki abin da muhimmanci har suna faɗa a kai a fili. A Faransa duk sabon shugaba sai ya zaɓi sanannen mai hoto, kuma hoton zai shiga ofisoshin magadan gari a faɗin ƙasar. Mitterrand a 1981 ya zauna da littafi a hannu Gisèle Freund ta ɗauke shi. Chirac a 1995 ya fita lambun fada Bettina Rheims ta ɗauka. Da Raymond Depardon ya ɗauki Hollande a 2012 yana tsaye a lambu hannuwa a sake, 'yan ƙasar suka yi ta yi masa dariya suna sauya hoton, ba a kama kowa ba. A Amurka hoton Obama na 2009 da Pete Souza ya ɗauka shi ne na farko da aka yi wa shugabansu da kyamarar zamani marar fim, na Trump kuwa na farkon 2025, mai ɗaure fuska da haske daga ƙasa, jaridunsu sun yi kwanaki suna fiɗarsa. Kai, hoton da ya fi kowanne suna na Churchill ma, wanda Yousuf Karsh ya ɗauka a Kanada a 1941, ya samu ne don mai hoton ya fizge masa sigari daga baki, ya ɗauke shi yana cikin fushi. Yau shi ne a takardar fam 5 ta Ingila. A nan da wani ya gwada haka, Allah kaɗai ya san inda zai kwana.

Saura maganar mutumin da ya ce mu baƙi ne. Wannan ba zan yi masa gatse ba, don na san daga inda tsoronsa ya fito. Duk wanda yake garin nan a watan Fabrairun 2021 ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha, ya ga shagunan da aka ƙone da mutanen da suka loda kaya suka koma arewa. Na san dalilin da ya sa Baba bai nemi ragi ba: ba hoto ya saya ba, zaman lafiya yake ganin ya saya. Amma ina tambaya, shagon wa hoto ya taɓa karewa ranar da wuta ta tashi? Kuma wane irin baƙunci ne wannan? An kafa Sabo tun 1916. Kakana a nan aka binne shi, Baba a nan aka haife shi, ni ma haka, Yarabancina ya fi na wasu 'yan Legas. Shugaban da ke cikin gilashin nan shugabana ne kamar yadda yake na mai shagon Dugbe, da kuri'a da haraji duk muna bayarwa. Maƙwabcinmu Bayerabe mai sayar da batir, da mutanen nan suka shiga wurinsa, ya ɗaga hoton ya ce musu wannan ba aikin kirki ba ne, su nuna masa takarda ko su fita. Suka fita. Mu ne kaɗai aka san za mu biya mu yi godiya, shi ya sa kullum layinmu suke fara shiga.

Ni ba cewa na yi kada a rataya ba. Mai so ya rataya, amma ya duba kaya kafin ya biya, kamar yadda zai duba goro. Ya tambayi takarda. Ya matso da hoton kusa da ido ya ga ko ya farfashe, ya duba kunne, ya duba ko fatar ta mutum ce ko ta 'yar tsana. In bai yi ba ya ce bai yi ba, ya je wurin mai hoto na gaskiya a wanke masa mai kyau, kuɗin ma ba zai kai wanda muke ba 'yan jaka ba.

Jiya da safe na ga Baba ya sa tabarau ya tsaya gaban hoton ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Kai, amma fa sun faɗaɗa shi." Na ce to a sauke mana. Ya ce a'a, kuɗi ya riga ya fita, sai dai in mayar da shi bayan ƙofa inda rana ba ta bugu. Yana can yanzu sama da buhunan ganye.