A Yi Wa Mata Rumfa A Filin Sukuwa

Masu dawaki suna kukan cewa jama'a sun ja baya daga kallon sukuwa, wai samari sun koma ga ƙwallon Turai da tseren babur. Gaskiya ne. Amma kafin a ga laifin samari, ya kamata a tambaya: ina aka bar mata da yara, waɗanda su ne suka fi yawa a kowane gari?

Kwanan baya na tambayi 'yan mata na aji shida ko wace ce ta taɓa ganin sukuwa. Ba wadda ta ɗaga hannu. Da na ce to wa ta taɓa ganin tseren jirage a bikin Rigata na Yauri, sai ajin ya kaure da surutu, kowace tana faɗin jirgin da ta goya wa baya. Dalili kuwa a fili yake. A bakin kogi uwa tana samun wurin tsayawa da goyonta, ta ga farko ta ga ƙarshe, ta koma gida da rana. Shi ya sa ake tahowa daga Ngaski da Shanga har da tsofaffi.

A wajen dawaki fa? Ba inuwa, ba shinge, ba wurin kewayawa, ga 'yan caca a gefe, kuma ba a tashi sai magariba ta kawo jiki. Wane maigida ne zai bar iyalinsa su je? Alhali kuwa mu ne muke tara dussar da dokin yake ci, mu ne muke jiƙa masa kanwa, sau da yawa 'ya'yanmu ne suke ɗauko masa harawa. Mun sha wahalar doki, daɗinsa ne ba mu gani ba.

Tsoron da iyaye mata suke ji ba na banza ba ne. Manyanmu ba su manta ba, Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda Yauri take cikinta a lokacin, ya rasu a 1981 bayan ya faɗo daga doki wajen wasan folo a Kaduna. In mahayi babba bai tsira ba, ina ga yaron da yake tsaye bakin fili ba kariya? Saboda haka shinge mai ƙarfi shi ne na farko, kafin ma a yi zancen kyauta ko kofi.

Ku kuma 'yan makaranta, kada wani ya ce muku harkar doki ta maza ce kurum. A Ingila, a watan Agusta na 2019, wata yarinya mai shekara 18, Khadijah Mellah, ta hau doki sanye da hijabinta ta ci tseren Magnolia Cup a filin Goodwood. Ba 'yar sarki ba ce, a wata ƙungiyar koyar da yara hawa a Landan ta koya. Ba cewa nake ku hau gobe ba, amma kallo ai bai gagare ku ba.

Roƙonmu ga masarauta da masu shirya wasanni shi ne a haɗa sukuwa da ranakun Rigata, tun da jama'a sun riga sun taru. A fara bayan azahar, a tashi kafin rana ta faɗi. A kafa wa mata rumfa tasu, a ba makarantu wuri tare da malamansu, a kuma bar masu fura da ƙosai da soyayyen kifi su kasa kayansu ba tare da an kore su ba.