Sharhi: Haƙar Yashi da Ruwan Noman Rani a Kura da Bunkure

Yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ya yi suna a noman rani tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin gwamnatin Audu Bako, lokacin da aka shimfiɗa magudanan da ke kai ruwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, waɗanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su. Sai dai ba kowane manomi ne ruwan kanal ke isa gonarsa ba, domin da yawa daga masu fadama a gefen kogin Kano da na Challawa sun dogara ne da gajerun rijiyoyin da ake kafa wa bututu a cikin yashi, a jona injin ban-ruwa, kuma su ne haƙar yashi ta fi yi wa barazana.

Yashin da ke kwance a cikin kogi rumbu ne na ruwa, saboda da damina yakan sha ya ƙoshi, da rani kuma ya riƙa sakin abin da ya adana a hankali zuwa ƙarƙashin fadama, wanda shi ya sa mai kiwo kan tona rami da hannu a busasshen kogi, ya jira kaɗan, ya ga ruwa ya tsattsafo. Idan aka kwashe yashin nan tifa bayan tifa don biyan buƙatar masu buga bulo da gine-ginen birnin Kano, cikin kogin yakan zurfafa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya gangara ya bi shi, har bututun da a da yake ba da ruwa ya koma jan iska. Gaɓar kogin kuma, da zarar an rarake ƙasanta, takan tsage ta zafta da ruwan farko, ta tafi da kunyoyin albasa da bishiyar mangwaron da wani ya yi shekaru yana raino.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wanda ya sa ɓarnar ta fi tsanani a nan: madatsa tana tare yashi kamar yadda take tare ruwa. Tun da aka gina Tiga, aka kuma ƙara da madatsar Challawa da ke Ƙaraye a 1992, yawancin yashin da ambaliya ke kawowa daga sama yana kwantawa ne a bayan dam, don haka abin da aka ɗiba a ƙasa ba ya samun cikakken madadi. Ga shi kuwa matatar ruwa ta Tamburawa, wadda ke shayar da wani babban ɓangare na birnin Kano, a bakin kogin Kano take.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007 ta sanya dukkan ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, ta shigar da yashi da marmara cikin abubuwan da ɗibarsu don kasuwanci ke buƙatar lasisi, ta kuma wajabta wa mai haƙa ya gyara wurin da ya ɓata. Ta tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha, sannan akwai dokar 1992 da ta ce a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, da ƙa'idojin hukumar kula da muhalli ta NESREA na 2011 kan zaizayar ƙasa da kan ingancin ruwan doron ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa. Inda gizo ke saƙar shi ne rabuwar iko, domin lasisi daga Abuja yake fitowa, filin yana hannun gwamna bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, magudanan na hukumar koguna ne, koken manomi kuwa ƙofar dagaci yake fara zuwa, alhali dagaci ba shi da ikon tsayar da katafila.

Haramta sana'ar gaba ɗaya ba zai yi adalci ga matasan da ke ciyar da iyalansu da shebur ba, kuma gari ba zai daina gini ba. Abin da ya kamata hukumomi su yi shi ne su ƙayyade zurfin da ba za a wuce ba, su hana haƙa kusa da gaɓa da gada da bangon kanal, su raba ɗiba da hannu da ɗiba da manyan injuna wajen ba da izini, su kuma karɓi kuɗin ajiya daga mai lasisi wanda ba za a mayar masa ba sai ya cike ramin da ya bari. Mafi muhimmanci shi ne a kafa rijiyoyin gwaji, wato ƙananan rijiyoyin da ake zura wa ma'auni don sanin hawa da saukar ruwa, a kusa da kowane wurin ɗiba, a damƙa karanta su ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, waɗanda tuni suke yashe magudanai da tsara rabon ruwa a Kadawa da kewaye, ta yadda duk ranar da ma'auni ya nuna ruwa ya sauka ƙasa da iyakar da aka gindaya, za a dakatar da ɗiba a wurin har zuwa wata damina.