Kada A Yanka Tsohon Tarago Kafin A San Tarihinsa

Duk wanda ya ratsa tashar jirgin ƙasa ta Zariya ko Gusau ko Ƙauran Namoda, zai tarar da tsofaffin taragun kaya jibge a gefen dogo, tsatsa ta ci su, ciyawa ta rufe ƙafafunsu. Galibin mutane ba su ganin kome a jikinsu sai ƙarfen da 'yan gwangwan za su auna a sikeli. A ganina wannan kuskure ne babba. Bai kamata a yanka tarago ko guda ba sai an tantance shi, an rubuta tarihinsa.

Tantance tarago ba aiki ne mai wuya ba. Da farko a duba farantin ƙarfen da ke manne a gindinsa, wanda kan ɗauki sunan kamfanin da ya ƙera shi da shekarar ƙira. Da yawa daga cikin na zamanin Turawa an ƙero su ne a Ingila. Na biyu, a karanta haruffan jikinsa. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, saboda haka NRC na nuni da bayan wannan shekara, NR kuwa kafinta. Sai dai fenti kan sauya, don haka abin da aka zuba a jikin ƙarfe ya fi zama abin dogaro. Na uku, a auna tazarar ƙafafunsa. Tsohon layinmu ƙafa 3 ne da inci 6, ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957 kuwa ƙafa 2 ne da inci 6. Na huɗu, siffarsa kan faɗi aikinsa: rufaffe na buhunan gyaɗa da auduga, buɗaɗɗe na kwal, mai tagogin iska na shanu, mai tanki na mai.

Idan an haɗa waɗannan shaidu, sai a auna su da tarihin layin kansa. Dogon da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911, reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Nguru kuma a 1930. Ta haka ne za a iya sanin zamanin da tarago ya yi aiki da irin kayan da ya ɗauka.

Mai karatu daga Wasagu zai iya cewa, ina ruwansa, tunda dogo bai taɓa shiga ƙasar Zuru ba? Ai rashin shigar ma tarihi ne. Turawa sun shimfiɗa dogo ne inda suka hango gyaɗa da auduga da kuza da fatu masu yawa. Wanda ke Wasagu, in yana son jirgi, sai ya nufi Gusau ko Zungeru. Wannan ya sa kasuwanci ya karkata zuwa garuruwan bakin dogo, na nesa kuma suka koma baya. Tarago shi ne shaidar wannan rabo.

Wasu kuma na cewa kayan mulkin mallaka ne, da shi aka kwashe arzikinmu, kuma da aikin tilas aka gina wani ɓangare na dogon. Gaskiya ne, amma mai ƙara ba ya ƙona shaidarsa. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da ya tsaya a cikin taragon gyaɗa zai fi fahimtar dalar gyaɗa ta Kano fiye da wanda ya karanta ta a littafi kawai. Mutanen Minna sun adana kan jirgin Wushishi na 1901, kuma ba su yi asara ba.

Ga masu nazarin harshe ma akwai riba. Ta hanyar dogo kalmomi irin su reluwe da tasha da tikiti da fasinja suka zauna daram a bakin Bahaushe. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna da sunayen da suke kiran kowane irin tarago da kowane ƙarfe na jikinsa, kuma kullum ƙasa sai rufe su take yi.

Saboda haka ina ba sassan Hausa na kwalejojin ilimi shawara su riƙa tura ɗalibai wannan aiki a matsayin kundin kammala karatu: su kwafi lambar tarago, su ɗauki hotonsa, su yi hira da dattawan da suka yi aiki a kansa. Ita kuma hukuma ta keɓe aƙalla tarago ɗaya na kowane iri a manyan tashoshi. Ƙarfen da aka narkar ana iya sayen wani, amma tarihin da ya narke tare da shi ba shi da kasuwa.