Wa ke biyan kuɗin furannin bikin Indiya?

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san rumfar nan mai ginshiƙai huɗu, mandap, inda ango da amarya mabiya addinin Hindu ke zagaya wuta. Abin da fim ba ya nunawa shi ne uban da ya ci bashi ya ƙawata ta.

Bikin can ba na yini ɗaya ba ne. Ga daren lalle, ga ranar aure, ga liyafa, mai ado kuma so yake kowanne a kafa sabon dandamali. Nan kuɗi ke zurarewa. Ni a ganina dandamali ɗaya ya isa, a canza yadi da fitilu kawai. Furen genda mai ruwan lemo, wanda ake jibgewa a kasuwar Ghazipur ta Delhi, yana cika wuri da araha. Furen orchid da ake shigowa da shi daga Tailan kuwa na burga ne, ga shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin bukukuwa, farashi yakan hau.

A lardin Punjab na Pakistan har doka aka kafa a 2016 don rage irin wannan kashe kuɗi a biki: abinci kala ɗaya, a tashi ƙarfe 10 na dare, kada a ƙawata titi da fitilu. Adon cikin zaure dai dokar ba ta taɓa shi ba, can masu ado ke cin kasuwarsu.