TAFIYAR SENT LUSIYA: HUTU NE KO AIKI? A FAƊA MANA ƊAYA

Jama'a, tun da aka fara cece-ku-ce a kan tafiyar Shugaba Tinubu tsibirin Sent Lusiya nake karanta abin da mutane ke rubutawa, kuma na lura an saki jaki ana dukan taiki. Wasu na ta zagin tsibirin wai ƙarami ne. Wasu kuma, 'yan amshin shata, sun ce duk wanda ya yi magana ɗan adawa ne. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara 20 ina aiki, kuma ina noma a gida nan arewacin Kano. Tambayata guda ce: tafiyar nan hutu ce ko aiki?

Ga abin da kowa ya sani. Ranar Asabar 28 ga Yuni 2025 shugaban ƙasa ya bar Abuja zuwa Sent Lusiya a yankin Karebiyan, daga can ya wuce Burazil taron ƙasashen BRICS na 6 da 7 ga Yuli. Firaministan tsibirin, Philip Pierre, shi da bakinsa ya gaya wa mutanensa cewa kwana biyu ne na ziyarar aiki, 30 ga Yuni da 1 ga Yuli, sauran kwanakin kuma hutu ne na ƙashin kai. Mu kuma a nan fadar shugaban ƙasa ta cika mu da bayanin zumuncin tarihi da diflomasiyya. Mai masauki ya ce baƙonsa hutu ya zo da ɗan aiki a ciki, mutanen gidan baƙon sun ce aiki ya je. To wa za mu gaskata?

Kada wani ya ce ina ƙyashin hutun dattijo. Hutu haƙƙi ne, ni ma ina ɗauka. Dokar aikin gwamnati ta ba manyan ma'aikata kwana 30 a shekara. Amma kafin in tafi sai na cike takarda, sai na sama da ni ya sa hannu, sai na rubuta wa wanda zai riƙe teburina bayanin duk fayil ɗin da ke hannuna. Masinja ma ba ya ɓacewa daga ofis ya dawo ya ce ai hutun aiki ya je. Shi ma shugaban ƙasa tsarin mulki bai bar shi haka ba. Sashe na 145 ya ce idan zai tafi hutu ya rubuta wa shugaban majalisar dattawa da kakakin majalisar wakilai, mataimakinsa ya riƙe ƙasa har ya dawo. Ba don ado aka gyara sashen nan ba. An gyara shi ne bayan ruɗanin da aka shiga lokacin jinyar marigayi 'Yar'aduwa, har sai da majalisa ta ba Jonathan riƙo a Fabrairun 2010. Buhari, duk da abin da muke da shi a kansa, ya rubuta irin wannan wasiƙa ya bar wa Osinbajo riƙo a 2016 da 2017 da 2018. To a nuna mana ta wannan karon. Kuma ba yau aka fara ba: a Oktoban 2024 an tafi Ingila mako biyu aka kira shi “hutun aiki”, a Afrilun 2025 an yi Faransa aka ce “ziyarar aiki”. Kullum da sabon suna, don kada a kama ko ɗaya.

Me ya sa sunan ke da muhimmanci? Saboda kuɗi. Idan aiki ne, baitulmali ke biyan man jirgi da otal da alawus ɗin tawaga, mu kuma muna da haƙƙin tambayar me aka samo. Idan hutu ne, akwai abin da ya kamata ya fito daga aljihun mai hutu. Idan aka cakuɗa su, sai talaka ya biya kuɗin hutu, kuma a hana shi tambayar ribar aiki.

Sai kuma lokacin. Ƙarshen Mayu ambaliya ta cinye Mokwa a jihar Neja, gawarwaki sama da 150 aka ƙirga, wasu har yau ba a gan su ba. Tsakiyar Yuni aka yi kisan Yelwata a Binuwai. A lokacin tafiyar malaman firamare na Abuja suna yajin aiki tun Maris 2025 a kan mafi ƙarancin albashi, yara na zaune a gida a ƙarƙashin hancin fadar gwamnati. Maigidan da gobara ta tashi a gidansa ba ya ɗaukar jaka ya ce zai je shan iska bakin teku, ko da kuwa ya gaji.

Ku zo nan wajenmu ku ga me ake ciki a wannan makon. Daga Dambatta zuwa Makoɗa, daga Bichi zuwa Kunci da Tsanyawa, gona na manne da gona, babu saura, babu ƙasar da ake bari ta huta. Ƙasar da ake nomawa kowace shekara tun kaka da kakanni ba ta bayarwa sai da taki. Gero ya fito, an gama noman farko, lokacin zuba taki ya yi, a daminar 2025 buhun kamfa ya haura naira dubu 40. Shi kuma hatsin da manomi zai sayar ya sayi takin ya faɗi warwas, tun bayan da aka buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji a 2024. A da buhun masara ɗaya na sayen buhun taki har da canji, a daminar 2025 kuwa bai kai ba. Mutane sun koma auna taki a kwano, wasu sun koma jido takin gida a mangala. Ni da nake da albashi rabin gonata na iya zuba wa bana, to ina ga wanda ba shi da komai sai fartanya? Manomi ba shi da hutun damina. Idan ya makara mako guda, shekara ya rasa.

Masu zagin tsibirin kuma ku dakata. Eh, mutanensa ba su kai dubu 200 ba, ƙaramar hukumar Dambatta kaɗai ta haura haka tun ƙidayar 2006. Amma ƙanƙanta ba laifi ba ce. Can aka haifi Darnley Alexander, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1975 zuwa 1979. A babban birninsu Kastris aka haifi Arthur Lewis, masanin tattalin arziƙin da ya ci kyautar Nobel a 1979. Shi ne a 1953 ya rubuta wa ƙasar da ta zama Gana rahoto cewa idan tana son masana'antu ta fara gyara yadda ake noman abinci. Da wannan darasin kaɗai tawagar ta ɗauko mana daga Kastris, wallahi da na ce kuɗin jirgi ya fita.

Amma me aka sanar? An ba shugabanmu lambar girmamawa. An yi alƙawarin guraben karatu kyauta a Nijeriya ga ɗaliban ƙasashen gabashin Karebiyan. Kyauta abu ne mai kyau, sai dai wata biyu kacal kafin nan ministan ilimi ya sanar da soke shirin tura 'ya'yanmu karatu waje da gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyi, alhali waɗanda ke Maroko da Rasha suna ta kukan ba a biya su alawus ba. Ka hana ɗanka tuwo ka kai wa maƙwabci akushi, wane irin karamci ke nan?

Na fi ganin laifin wakilanmu. Kano na da sanata uku da 'yan majalisar wakilai 24, kuma mataimakin shugaban majalisar dattawa daga Kano ta Arewa ya fito, wato daga nan yankinmu. Aikin majalisa ne ta tambayi nawa aka kashe, mutum nawa aka ɗiba, kwana nawa ne na aiki, wa ya biya sauran. Tambaya ba rashin ladabi ba ce, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kujerar ta mutane ce, ba ta jam'iyya ba.

Don haka buƙatata uku ce. A fitar da kuɗin tafiyar a rubuce. A raba kwanakin aiki da na hutu. Duk lokacin da za a sake hutu, a bi sashe na 145 kamar yadda ake tilasta wa ƙaramin ma'aikaci cike takardar hutunsa. Wanda ke ganin na yi kuskure ya kawo hujja, ban da zagi, zan karanta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba shugabanninmu ikon jin kukan na ƙasa.