Burin da ba a rubuta ba, hira ce kawai

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Ibadan.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a Sabo, na biya shagon wani kawuna ɗan canji. Muna cin tuwo ya ce, "Kai ɗan jami'a, in ka gama me za ka yi?" Na ce, "Kawu, sai abin da Allah ya yi." Ya yi dariya, ya janyo wani tsohon littafi. Duk wanda yake bi bashi, duk wanda ke binsa, nawa ne, ranar biya, komai na ciki. Ya ce, "Ni ma Allah nake dogaro da shi, amma ban taɓa barin naira ɗaya a kaina ba tare da na rubuta ba."

Wallahi kunya ta kama ni. Ina aji uku, amma ban taɓa zama na rubuta inda na dosa ba.

Ku duba tarihin Sabo. Tun 1916 aka kafa unguwar nan, kakanninmu suka riƙe cinikin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa, galibi a kan bashi da amana. Amana kuwa ba ta ɗorewa sai da lissafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. To burinka fa? Ai bashi ne da kake bin kanka.

Na san wani zai ce, "A ƙasar nan wa ke iya tsara gobe?" Gaskiya ne, yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye mana wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Amma ku tuna wa ya amfana da watannin nan. Wanda ya san abin da yake nema ya koyi ɗinki, gyaran waya ko kwamfuta. Da yawanmu kuwa muka ƙare a majalisar shayi da Facebook. Kuma shekaru ba sa jira: wanda ya kammala digiri ya haura 30, bautar ƙasa ta wuce shi.

Shawarata, yau da dare ka samu littafi, ka rubuta abu uku kacal: abin da kake so kafin ƙarshen zangon nan, kafin ka gama makaranta, da kuma bayan shekara biyar. Kowanne ka sa masa rana da kuɗin da zai ci. "Ina so in yi arziki" ba buri ba ne. "Zan ɗaga makina a kwas biyu, in tara dubu hamsin kafin Sallah" shi ne buri. 'Yan uwa mata, har da ku.

In abu ya canza, ka goge ka sake rubutawa, ba laifi ba ne. Kawu ma littafinsa cike yake da gogewa.

Ni dai na sayi nawa a Agbowo jiya. Allah ya ba mu sa'a, ya mayar da mu gida da abin da muka zo nema.